Rubutun da Ya Kankare a Jikin Gora

Takunkumin fuska, ruwan leda, bututun ƙarfe guda. Abin da wani mutum ya shiga da shi jirgin ƙasan birnin Lusail ke nan, a kwanakin Kofin Duniya. Kujera na nan, amma ya kasa zama.

Ya 'yan uwa, direba ne, ɗan ƙasarmu. Maigidansa wani tsohon Bature ne a unguwar West Bay. Da korona ta yi tsanani aka mayar da tsohon ƙasarsu ba lafiya. Kafin ya tafi ya danƙa masa bututun. Sandar kamun kifi ce a ciki, ta gora, gadon kakansa. Ya ce, "Ajiye min. 'Yata za ta zo ta karɓa."

Tsohon ya mutu a can. Mutumin nan ya fara duba irin sandar a waya, ya ga yadda ake rububinta. Barci ya ƙaurace masa. Da 'yar ta kira, ya ce sandar ta ɓace wajen kwashe kaya.

Kusa da mariƙin akwai ɗan rubutu da tawada. Ya ɗauka sunan gidan maigidansa ne. Kullum ya buɗe, rubutun na kallonsa. Sai ya kankare shi, ya shafa man ƙyalli.

Dramani, mutumin Zangon Ghana, abokin ɗakinsa, yana gadin ƙofar wani otal a Lusail. Shi ya samo masa baƙo mai sayen irin kayan. Dramani ya tambaye shi, "Ɗan'uwa, taka ce?"

"Wallahi kyauta aka ba ni."

A otal ɗin, baƙon ya juya sandar. Ya nuna tsagin gora shida da aka manne, da zaren silikin da ya tsufa. Ya ce tsohuwa ce ta gaske. Sai yatsansa ya tsaya a gurbin da aka kankare.

"Ina rubutun? Sunan maƙerin ne, da lambar da ke faɗin shekararta. In babu shi, wannan kara ne. Kuma mai kaya ba ya goge shi."

Baƙon ya kira masu tsaron otal. Aka nemo kafil ɗin direban, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama, aka kira 'yar mamacin. Aiki ya tafi, aka ba shi wa'adin barin ƙasa.

Kun gani? Abin da ya ji tsoro zai tona shi, shi ne darajar kayan. Ya kankare, kankarewar ta tona shi. Wa zai kankare rubutun da mala'iku suka yi? Amana ba ta zama taka don mai ita ya mutu.

Da ya koma ɗakinsu a unguwar Old Airport, jakarsa na waje. Dramani ya ce, "Da sata ce kaɗai, da na saurare ka. Da Allah ka rantse min. Khalas, shi ke nan, ba ka sake kwana a nan."

Ya rufe ƙofa.

Allah ya kiyaye mu da taɓa abin da aka ce mu ajiye.