A Takaice da Sallama Biyu

Akwai wani saurayi, masanin kwamfuta, da kowa ke kira A Takaice, saboda ba ya iya jimla uku bai ce "a taƙaice" ba. Ko gaisuwa rabi yake yi.

Shekararsa biyu ba aiki. Sai mijin yayarsa, mai babban shagon wanki da guga, ya ba shi gwajin mako ɗaya: ya haɗa wa shagon mataimakin AI, irin wanda ake rubuta wa umarni ya aiwatar da kansa. In ya yi kyau, aiki ya samu. In bai yi ba, ya koma ɗakin mahaifiyarsa.

Shi wannan mataimaki ba ya ganin shago, ba ya jin ƙamshin sabulu. Abin da ya sani kawai shi ne ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowane kayan aikinsa. Da shi yake zaɓar wanda zai taɓa.

To, akwai kayan aiki biyu. Ɗaya yana tura wa mai kaya saƙon godiya, cewa wankinsa ya fito. Ɗayan yana tura wa ma'aikaci takardar kora, ya kuma toshe katin da yake buɗe ƙofa da shi.

A kan na farko, A Takaice ya rubuta: "Yana sallamar mutum." A kan na biyu: "Shi ma yana sallamar mutum, amma sosai."

Anti, dattijuwar da ta shekara sha biyar tana karɓar kaya a kantar shagon, ta leƙo ta bayansa ta karanta. Ta gyara tabarau ta sake karantawa.

"Ɗana, sallamar wa? Ta mai kaya ko ta ma'aikaci?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce mata na'urar nan ta karanta littattafan duniya kaf, ba sai an tauna mata ba. Anti ta ba shi shawara ya miƙa wa wanda bai san shagon ba ya karanta, ya faɗi abin da ya gane. Ya ce a taƙaice ta koma wajen rasit ɗinta. Ta koma.

Ranar gwaji, A Takaice ya fita sayen lemo. Shi ma ya kawo rigunansa wanki a makon, don haka sunansa na cikin jerin masu kaya, yana kuma cikin na ma'aikata. Maigida, wato mijin yayar tasa, ya zauna gaban kwamfuta, ya rubuta: "Duk wanda aka gama masa, a sallame shi sosai, kada a bar kowa."

Minti goma ba a yi ba wayar shago ta ɗauki ruri. Wani malamin makaranta yana tambaya laifin me ya yi bayan shekara ashirin yana koyarwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo a guje, takalmi a hannu, wai an ce ta dawo da katin ƙofa. Wani tsoho da ya yi ritaya tun tuni ya kira ya ce shi dai ya gode, amma an makara.

Mutum talatin da ɗaya aka kora daga aikin da ba su taɓa yi ba. Mutum ɗaya ne kawai korar ta kama da gaske. Ga A Takaice can a waje da ledar lemo, yana goga kati ƙofa tana ƙi.

Anti ce ta buɗe masa.

Maigida, fuska a murtuke, ya tambayi na'urar dalili. Ta amsa da ladabi cewa an ce ta sallama sosai, kuma kayan aiki ɗaya ne aka rubuta wa "sosai".

Gumi ya karyo wa A Takaice. Ya tuna ɗakin mahaifiyarsa, ya tuna bakin yayarsa. Ya ce a ba shi minti ɗaya, akwai kayan aikin gyara. Ya rubuta wa na'urar ta mayar da shi. Ashe bayanin wancan ma kalma huɗu ne: "Yana mayar da abu."

Sai ga injin wanki ya tashi. An mayar da rigunansa gogaggu cikin ruwa.

Masu guga suka fashe da dariya. Shi kam kunya ta kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya juya wajen Anti, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri. Ki taimake ni."

Ta jawo kujera. Kowane kayan aiki sai ta tambaye shi me yake yi, ga wa, yaushe ake taɓa shi, yaushe kuma ba a taɓawa. A kan na kora ta sa ya ƙara cewa na ma'aikata ne kaɗai, kuma sai an sake tambayar Maigida. Daga nan suka kira direban shagon maƙwabta ya karanta. Duk inda ya sosa kai, sai su sake rubutawa. Sau huɗu ya sosa.

Maigida ya buga wa mutum talatin da ɗayan waya yana ba da haƙuri. Da ya gama, ya ce aiki ya samu, amma duk abin da A Takaice ya rubuta sai Anti ta sa hannu.

Anti ta miƙo masa takardar ɗaukar aikin. Ya kai hannu zai sa hannu, ta dafe ta.

"Karanta duka, ɗana. Shafi uku ne."

Darasi: Abin da ya fito fili a kanka bai fito a takarda ba. Kafin ka miƙa bayani ga mutum ko na'ura, ba wanda bai san aikin ba ya karanta, kuma kada ka raina mai yi maka tambaya. Ku tura wa duk wani A Takaice da kuka sani, ku kuma roƙe shi ya karanta har ƙarshe.