Sulallan da Aka Narkar

An yi wani mutum a nan Samaru, ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa suna raye kuma wasunku sun san ƙofar gidan. Ma'aikacin jami'a ne da ya yi ritaya. Ba ya shan giya, ba ya caca, sahun gaba ba ya wuce shi. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: tara tsofaffin kuɗin azurfa na zamanin Turawa, sisi da sule da fataka, wato sule biyu.

Ya 'yan uwa, wannan harka akwai abin mamaki a cikinta. Sule lafiyayye, darajarsa ba ta wuce ta azurfar jikinsa da yawa ba. Amma wanda inji ya yi kuskure wajen buga shi, kan sarki ya fito biyu, ko bishiyar da ke bayansa ta fito a kife, shi masu tarawa suke rububi a Legas da ƙasashen waje. Mutumin nan ya san haka. Tsofaffin da ke ajiye da kuɗin ba su sani ba.

To, sai ya mai da rashin saninsu gonarsa. Mata sukan kawo masa sulallan gado har zaure. Sai ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu, ya duba, ya taɓe baki, ya ware mai kuskuren gefe. "Wannan mai aibu ne, Hajiya. Wallahi tallahi ba shi da wani amfani sai dai a narkar." Ya ba ta abin da bai taka kara ya karya ba, ta tafi tana sa masa albarka.

Akwai wata Raudatu daga Muchia, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ta zo da fatakar kakarta mai kai biyu, tana neman na asibiti. Da ya ɗora gilashi, nan take ya gane ta, don shekara goma yana neman irinta. Ya dubi matar nan da hawaye a idonta, ya rantse mata da Allah cewa tarkace ne. Subhanallahi! Wace irin zuciya ce wannan?

Shekara ashirin yana wannan rantsuwa, kuma duk a kunnen matarsa Hafsatu, don ɗakin girkinta yana jikin zauren. Bai taɓa gaya mata gaskiya ba. Ya zuba kuɗin sallamarsa a harkar, ya sayar da filinsa na Hanwa ya sayo wasu masu kuskuren a hannun dillalai. Don tsoron ɓarayi, sai ya jera lafiyayyun a akwatin gilashi mai kwaɗo, masu aibun kuwa, waɗanda su ne dukiyar, ya zuba su a tsohon gwangwanin madara ya tura ƙarƙashin gado. Shi a ganinsa ya gama wayo.

Ana nan bikin 'yarsu ya matso. Hafsatu ta roƙe shi kuɗin awarwaron amarya, ya ce ba shi da ko kwabo. A makon ne ya tafi Kaduna taryen wani dillali mai suna Collins, wanda ya ga hotunan kayan a waya ya yi masa tayin da zai sayi gida biyu a Samaru.

Hafsatu ta zauna ta yi tunani. Uwarta ma da sulalla aka ƙera mata awarwaro, haka kakarta. Ba ta taɓa akwatin gilashi ba, ta san ran Malam yana kai. Ta jawo gwangwanin nan da ta sha jin an rantse ba shi da amfani sai a narkar, ta hau keke Napep zuwa kasuwar Sabon Gari, ta miƙa wa maƙerin fari. Ban ce ta kyauta da ba ta tambaya ba. Amma wa ya koya mata darajar abin?

Bayan kwana uku ya dawo da baƙonsa. Ya shimfiɗa masa darduma, ya shiga ɗaki, ya jawo gwangwani. Wayam! Ya fito tsakar gida yana ƙwala wa Hafsatu kira. Ta fito da fara'arta, ta jawo hannun amarya ta ɗaga masa, awarwaro shida suna ta sheƙi.

"Malam, dubi abin da marasa amfanin nan suka yi mana. Masu kyaun duk suna nan, ko ɗaya ban taɓa ba."

"Kin narkar? Hafsatu, kin san abin da kika narkar?"

"Ai kai ka rantse, Malam. Da sunan Allah ka rantse, ni kuma ban taɓa ɗaukarka maƙaryaci ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace. Ya faɗi nan gaban baƙonsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Yau shekara biyu ke nan yana kwance, ba fili, ba kuɗin sallama, kuma harshen da ya sha rantsuwa ko kalma ɗaya ba ya iya haɗawa.

Ran da Raudatu ta zo gaishe shi, ta durƙusa ta ce, "Sannu Malam, Allah ya saka maka da taimakon da ka yi mini." Ya zuba mata ido, hawaye na bin kuncinsa, yana ta motsa leɓe. Fatakarta tana hannun 'yarsa an narkar, ba zai iya mayar mata ba. Neman gafarar ma ya kasa furtawa. Ta tashi ta tafi tana yi masa addu'a.

Ya 'yan uwa, kai mai duba kayan wani, ke mai sayen kayan gado, sanin da Allah ya ba ku amana ne. Wanda ya zo maka bai sani ba, ya yarda da kai ne saboda sunan Allah da ka kama. Idan akwai haƙƙin wani a ɗakinka, ka mayar yau, tun bakinka yana iya cewa a yafe maka.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya, ya kiyaye mu da cin haƙƙin marayu, ya sa mu tuba tun harshenmu yana motsi. Amin.