Ɗan Tun Inas da Alamar Koci

Akwai wani saurayi a ƙauyen Malesso, kudancin tsibirin Guam, sunansa Benigno Quidachay. A gida Beno ake ce masa. A waje kuwa ba shi da suna, "ɗan Tun Inas" ne kawai.

"Tun" laƙabin girmama manya ne a can. Tun Inas shi ne ɗan wasan besbol ɗin nan da ya yi shekara tara yana buga wa wata ƙungiya a Japan. Hotonsa na manne a shagon aski, a kantin burodi, har a bangon makarantar da Beno ya yi. Yakan tsaya awa guda a bakin titi yana wasa da dariya da baƙo, amma bai taɓa zama minti biyar ya tambayi ɗansa yaya makaranta ba.

Tun yana shekara shida Beno ke riƙe sandar da ake buga ƙwallon besbol da ita. In ya buga da kyau, a ce ai jini ne. In ya kuskure, a ce anya ɗan Tun Inas ne kuwa? Nasara ta uban ce, faɗuwa ce kaɗai tasa.

In ya dawo daga fili, ya duƙa ya sunsuni bayan hannun uban yadda ake gaida manya, tambayar ɗaya ce kullum.

"Ƙwallo nawa ka tsallakar da shinge?"

"Ban tsallakar ba, Tata, amma mun ci."

"Ƙungiya ce ta ci. Kai fa, yaro?"

Abin ya yi ta cin Beno a rai, har ya zama girman kai. Yabon da ya rasa a gida sai ya fita yana ƙwatarsa a waje. Ba ya ɗaukar jakar kaya, ba ya sharar fili bayan atisaye. Abokan wasansa suka laƙaba masa Yallaɓai, shi kuma gogan ya ɗauka yabo ne.

Abin da ya fi tsana shi ne dangwale. Wato maimakon ka zabga wa ƙwallo sanda, sai ka ɗan tare ta ta gangara a gabanka. Kai za a fitar da kai, amma abokinka da ke tsaye a zango zai samu ya matsa kusa da gida, inda ake cin maki. Ana gane umarnin ne in koci ya taɓa hularsa ya shafi ƙirji.

Shekarar da Beno ya cika goma sha takwas, wani dattijo mai suna Higa ya zo daga wata jami'a a Okinawa ta ƙasar Japan. Gurbi ɗaya tak ya zo da shi: karatu kyauta da wasa a ƙungiyarsu. Kowa a Malesso ya san na Beno ne. Shi ma ya ƙwallafa rai, don yana ganin ranar da ya taka Japan da ƙafarsa, ranar uban zai dube shi.

Kafin wasan ƙarshe, kocinsu Tun Sidro ya tara su.

"Yau duk wanda na ba alama ya bi. Kowa da kowa. Yallaɓai, da kai nake."

Beno ya yi tsaki. "Tun Sidro, ka taɓa ganin babana ya yi dangwale?"

"Babanka ba ya cikin ƙungiyata. Kai ne a ciki."

Ranar fili ya cika maƙil. Mata sun jera tukwanen jar shinkafa da kwaɗon kaza da suke kira kelaguen, hayaƙin gashi na tashi ta bayan shinge. Sai ga abin da Beno bai yi zato ba: Tun Inas da kansa, da kujerarsa ta naɗewa, yana taunar pugua, irin goron ƙasarsu. Rabonsa da kallon wasan ɗansa shekara huɗu. Gaban Beno ya faɗi.

Aka kai zagayen ƙarshe ana kunnen doki. Lando, abokin Beno tun suna firamare, yana tsaye a zangon farko. Beno ya shigo da sandarsa. Ya dubi koci.

Tun Sidro ya taɓa hula, ya shafi ƙirji. Don kada a ce ba a gani ba, ya sake.

Beno ya gani sarai. Amma ya za a yi uban ya zo bayan shekara huɗu, ya tarar da shi yana dangwale kamar mai tsoron ƙwallo? Ya ɗauke kai, ya gyara tsayuwa, ya zuba wa ƙwallon sanda da duk ƙarfinsa.

Ƙwallo ta tashi, ta tsallake shinge, ta faɗa cikin itatuwan kwakwa. Malesso ta ci. Fili ya kaure da ihu, aka ɗaga Beno sama. Tun Sidro kaɗai ya tsaya yana tattara sanduna.

Da hayaniya ta lafa, Higa ya sauko da ɗan littafinsa. Beno ya goge hannu a wando ya matso yana murmushi. Dattijon ya rusuna masa cikin ladabi, ya wuce shi, ya je ya miƙa wa Lando hannu.

Beno ya bi shi. "Ranka ya daɗe, ba ka ga bugun ba ne?"

"Na gani, bugu ne mai kyau," in ji Higa. "Na kuma ga alamar kocinka sau biyu. Masu ƙarfi irinka muna da su har sun yi yawa. Wannan yaron sau biyu yau ya yarda aka fitar da shi don wani ya wuce. Shi nake nema."

Beno ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Gurbin ya tafi, ba kuma wani gurbin bayansa. Abu ɗaya ya rage masa, sai ya nufi wajen uban.

Ya same shi a gindin bishiya ya ba fili baya, mutane sun kewaye shi, yana sa hannu a kan ƙwallaye yana ba su labarin wani wasansa na da.

"Tata, ka gani?"

"Na ga me?"

"Bugun ƙarshe. Ni na tsallakar da ita."

"Au, ihun da aka yi ke nan? Ina magana da mutane lokacin." Ya tofar da pugua. "Ɗaya kawai? Ni a shekarunka biyu nake yi a wasa guda. Ɗauki kujerar nan ka kai mota."

Beno ya naɗe kujerar ya saɓa a kafaɗa. Ya ratsa ta cikin mutanen da ke ta kiran "ɗan Tun Inas" suna bubbuga masa baya, hawaye na zubo masa, su kuwa sun ɗauka na murna ne.

Darasi: Kada ka take amanar waɗanda ke tare da kai don ka burge wanda ko kallonka ba ya yi, za ka tashi babu su babu shi. Ku kuma iyaye, yaron da kuka hana kalmar yabo ɗaya zai iya sayar da gobensa wajen nemanta. Ku tura wa wani uba ko wani matashi, ƙila ya karanta kafin lokaci ya ƙure masa.