Ladan da Ake Raɗawa a Kunne

An ce wani sarki aka yi a zamanin da ake sayayya da wuri, wanda ya gaji birni mai ganuwa da magina masu hannu. A zamanin mahaifinsa, in za a ɗauki masu aikin fada, sanƙira ne ke fita kasuwa ranar da ta cika, ya yi shela: mai kwaɓa ƙasa ladansa kaza, mai ɗora tubali kaza, mai ɗaure bakan gizon da ke riƙe rufin soro kaza. Wanda ya ga zai iya ya zo, wanda ya raina ya kama gabansa. Tsofaffi sukan ce a lokacin har mata a cikin gida sun san ladan magini, kuma ba a taɓa jin an yi faɗa a kai ba. Allah ya jiƙan mutanen da.

Da sarkin ya hau gado, sai wazirinsa ya kawo sabon salo. Shi wazirin nan mutum ne mai tattali, irin wanda ƙuda ba ya haye masa fura. Ya ce a daina shela. A riƙa kiran magina zaure ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowa nawa yake so, in an daidaita a rantsar da shi kada ya gaya wa kowa. To, ka san mutanenmu da kunya. Mai baki ya faɗi abin da ya fi ƙarfin aikinsa, a ba shi. Mai kawaici ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da ya sauwaƙa," waziri kuwa ya sauwaƙa wa baitulmali. Aka shekara bakwai a haka, sarki yana ta yaba wa wazirinsa.

Wata safiya, ana saura wata biyu ruwa ya sauka, ganuwar gabas kuwa ta tsage, aka gaya wa sarki cewa Shekarau ya ɗaure kaya zai bar gari. Shekarau shi ne babban magini, shi ya gina soron da aka haifi sarki a ciki, kuma a wuyansa sarki ya fara leƙa bayan ganuwa yana ɗan yaro. Hankalin sarki ya tashi ƙwarai, ba don ganuwar kaɗai ba. Tsohon nan shi ne ragowar mutanen mahaifinsa. Ya aika aka kira shi.

Da ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, sarki ya sallami fadawa, ya bar waziri kaɗai. Ya jawo tsohon kusa, ya raɗa masa a kunne, "Baba, in lada ne ya yi kaɗan, na ninka maka. Kada kowa ya ji."

Shekarau ya ja da baya ya ce, "Ya sarki, Allah ya ba ka nasara, ka ƙara wa mai ciwon ciki tuwo. Ka yarda in yi maka tambaya?"

Sarki ya ce, "Yi."

Tsoho ya kwance ƙunshin da ya shigo da shi, sai ga tubali biyu. Ya ce, "Wanne ya fi tsada?"

Sarki ya ɗaga wannan, ya juya wancan, ya ƙwanƙwasa su. Ya ce, "Ƙasa ɗaya, nauyi ɗaya, hannu ɗaya. Ban ga bambanci ba."

"Hannu biyu ne, ya sarki. Wannan nawa ne, wancan na Nomau, wanda muka koyi gini tare tun ba mu da gemu. Kai ka kasa rarrabe su, ruwan sama ma ba zai rarrabe ba. Amma fadarka tana sayen nawa ninki uku na nasa."

Sarki ya ajiye tubalan. Ashe duk zatonsa ya sha ruwa. Ya ce, "Baba, kai ke nan ka fi kowa samu. Me ya kore ka?"

Shekarau ya ce, "Shi ya kore ni. Ran da aka kira ni zaure, waziri ya san ka san ni, bai ko tsaya ciniki ba. Nomau ba shi da kowa a fada sai kunyarsa. Shekara bakwai muna cin abincin rana a gindin bango ɗaya, yana ce mini, 'Haƙuri, ɗan'uwa, haka zamani ya zo mana.' Ni kuwa rantsuwa ta ɗaure mini baki, sai in ce, 'Haka ne.' Bara ya sayar da jakinsa don ya yi wa matarsa magani. Na kai masa gudummawa, ya ƙi karɓa, ya ce ai ya san halin da nake ciki, irin nasa ne. Ya sarki, na tsufa da yi wa aboki ƙarya da shiru. Yau ma karya rantsuwar na yi, zan yi kaffara."

Waziri ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a tilasta wa kowa ba. Kowa da bakinsa ya yarda. In aka tona, hassada ce za ta shiga tsakaninsu, kuma ba za a iya fifita gwani a kan rago ba."

Shekarau ya ce, "Waziri, bango kake so ko baki? In baki kake saye, ɗauko maroƙa su gina maka ganuwa. Batun fifiko kuwa, a zamanin marigayi mai ɗaure bakan gizo ya fi mai kwaɓa ƙasa samu, kowa ya sani, ba wanda ya yi ƙorafi, domin kowa na iya ɗaga kai ya ga dalili. Fifikon da ke da dalili ba ya tsoron kasuwa."

Waziri ya koma gyaran rawani.

Sarki ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro, domin ya tuna da bakinsa ya ce "kada kowa ya ji" ɗazu-ɗazun nan. Ya ce, "Baba, in na sa aka yi shela, Nomau zai san abin da ka ɓoye masa. Ka shirya?"

Tsoho ya ce, "Ban shirya ba, ya sarki. Amma a yi."

Ranar kasuwa sanƙira ya fita. Ya faɗi ladan kowane aiki daga yau, kafin a ɗauki kowa, sannan ya faɗi yadda aka riƙa biya a shekarun nan bakwai, ya ce sarki ya ce laifin nasa ne, kuma za a cika wa duk wanda aka tauye. Shekarau yana tsaye a cikin taro, Nomau a gefensa. Da aka gama, Nomau ya juya ya tafi gida.

Kwana goma suna aiki a ganuwar gabas ba gaisuwa. Sarki yakan zo dubawa, ya gan su, ya koma da baƙin ciki, yana ganin ya gyara wa magina duka amma ya raba tsofaffi biyu. Ran kwana na goma sha ɗaya, sarki yana tsaye a ƙasa, Shekarau na kan bango yana jiran a miƙo masa, sai Nomau ya ture mai miƙowar, ya ɗauki tubali ya cilla sama ya ce, "Cafe, mai tsada! Mu ga ko hannun ya kai kuɗinsa."

Shekarau ya cafe, yana dariya hawaye na zuba a gemunsa.

Sarki ya juya ya dubi wazirinsa ya ce, "Rubuta wannan, ka ajiye wa wanda zai gaje ni: duk ladan da sai an raɗa shi a kunne, akwai wanda aka zalunta a bayan ƙofa."