Ƙofofin da Ke Amsa Sallama

An ce wai a ƙasar Gwaramfa an yi wani sarki mai suna Nagoma, wanda ya gaji sarauta haɗe da abin kunya. A zamanin mahaifinsa mutanen Tungar Maje suka ƙi aikin tilas, sai aka tura musu dakaru ranar kasuwa. Waɗanda aka kashe, a rijiyar garin aka zuba su, ba wanka ba salla. Shekara goma sha biyu ke nan mata sai sun yi tafiyar rabin yini neman ruwa, garin kuwa yana ta watsewa.

Nagoma ya ƙudura biyan diyya, ya tura Alƙali Barmo da Ma'aji su raba wa magada. Duk mamacin da ya bar magaji, aka ba magajin diyyarsa. Amma gidaje goma sha tara an shafe su ƙaf, ko jariri bai saura ba.

Ma'aji, Allah Ya raba mu da mai santsin baki irinsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan mai sauƙi ne. Wanda bai bar magaji ba, baitulmali ke gadonsa. Diyyarsu ta koma inda ta fito."

Alƙali ya san maganar tana cikin littafin shari'a. Sai dai ransa ya ƙi ta.

Ana haka sai ga wata tsohuwa, Inna Tasalla, riƙe da tsintsiya tana bin kangayen nan tana sharewa. Rana tsaka, ba iska, ciyawa ta kai ƙugu a cikin gidajen. Ta tsaya a ƙofar farko ta ce, "Salamu alaikum, mutan gidan Jatau." Sai aka amsa daga ciki, murya a shaƙe kamar daga cikin tulu: "Alaikumus salam, Inna. An zo?"

Alƙali na tsaye kusa, ya ji da kunnensa. Ya bi ta ƙofa-ƙofa har goma sha tara, ko'ina tambayar ke nan.

Ya ce, "Inna, wa suke jira?"

Ta ce, "Wanda zai ce an cuce su, Malam. Kullum sai in ce musu tukuna."

Alƙali ya tara jama'a a bakin rijiyar, ya dubi Ma'aji ya ce, "Dakarun da suka zo, wa ya ciyar da dawakinsu?"

"Baitulmali."

"Wa ya saya musu māsu da takubba?"

Ma'aji ya ce, "Baitulmali."

"To, hannun baitulmali yana cikin jinin nan, mai kisa kuwa ba ya gadon wanda ya kashe. Masu haƙƙinsu su ne waɗanda ya kamata su wanke su, su raka su makwanci, aka hana su: garin nan baki ɗaya. Ɗaya-ɗaya aka kashe mutane, amma gari aka yi nufin kashewa. Da diyyarsu za a fito da ƙasusuwansu a yi musu sutura, a haƙa sabuwar rijiya, gonakinsu su zama na gari. Sarki kuma ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a kowace ƙofa, ya kira sunan gidan, ya ce an zalunce ku."

Sarki ya zo, ya cire takalmi, ya faɗa sau goma sha tara, har muryarsa ta dushe.

Kashegari alƙali ya raka Inna Tasalla ƙofar Jatau. Ta yi sallama, shiru. Ta sake har sau uku, shiru. Sai ta ajiye tsintsiya, ta zauna a dokin ƙofa, ta fashe da kuka tana cewa, "Alhamdu lillahi, sun tafi. Wayyo, sun bar ni."

Saboda haka, mai mulki ya sani: wanda bai bar magaji ba bai rasa mai haƙƙi ba, kuma zaluncin da aka yi wa gari, ga gari ake biyansa.