Haladu Da Kwanson Harsashi

Akwai wani maƙerin tagulla da ya zauna a Roni, ana ce masa Baba Kura, mutumin Barno. Na yi yawo a garuruwan nan da yawa, sunaye sun zube mini, amma nasa bai zube ba.

Aikinsa zubi ne. Yakan siffanta abu da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, ya bar shi ya bushe a inuwa. In an gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In zubi ya ɓaci, siffar ta tafi ke nan, sai a sake daga farko.

Bayan yaƙin basasa tagulla ta samu, domin ana kawo kwanson harsashi buhu-buhu. Baba Kura yana saye, sai dai yana da wata ɗabi'a mai cin rai. Kowane kwanso sai ya ɗauke shi shi kaɗai, ya leƙa cikinsa, ya kaɗa shi a kunne, sannan ya jera shi a gefen wuta ya yini.

Yana da almajirin sana'a, Haladu, magidanci daga Gwiwa, wanda ya bar ƙirar fartanya ya zo koyon zubi. Hannunsa na da kyau. Cikin shekara biyu kakinsa ya fi na tsohon tsafta, domin hannun Baba Kura ya soma rawa. Haladu kuwa ya san haka.

Yakan tsokane shi ya ce, "Baba, me kwanson nan yake raɗa maka ne? Ko labarin fagen fama yake ba ka?"

Tsohon sai ya naɗe hannun riga, ya nuna masa tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ya ce, "Mai shiru ba ya komai. Mai motsi a ciki nake nema."

A shekarar da kuɗin fetur ya sa aka buɗe firamare kyauta, saba'in da shida in ban ruɗe ba, hedimasta Malam Silvanus ya zo neman ƙararrawa, don ya gaji da dukan ƙarfen ƙafar mota. Haladu ne ya yi siffar kakin, ta yi kyau ƙwarai.

Saura kwana uku a buɗe makaranta aka aiko wa Baba Kura rasuwa daga Babura. Da zai tafi ya ce kada a hura wuta sai ya dawo, domin buhun kwanson ya kwana ƙarƙashin indararo, damina kuma ba ta ɗauke ba.

Malam Silvanus ya zo a kan kekensa sau biyu yana tambaya. A zuwa na biyu Haladu ya ce masa ya dawo gobe da igiyar ratayewa.

Da hantsi Haladu ya hura wuta. Matarsa Tasalla ta kawo masa fura, ta ga ƙasa ta jiƙe ƙarƙashin buhun. Ta ce, "Malam, buhun nan fa yana ɗiga." Ya ce mata wutar da ke narka tagulla ba ruwa ne zai gagare ta ba, ta koma gida. Ta ɗan tsaya a bakin rumfa, sannan ta tafi.

Ya fara narka guntayen tsofaffin mundaye, ya ga ba za su isa ba. Ya cusa hannu cikin buhu ya ɗebo kwanso. Laka ta toshe bakin wasu. Yana ɗagawa ya ji ruwa ya motsa a cikin guda ɗaya. Shi da kansa ya gaya mini daga baya cewa ya ji.

Ya sunkuya kan tukunyar, ya zuba.

Ruwan na haɗuwa da narkakkiyar tagulla sai tukunyar ta fashe, har kasuwa aka ji ƙarar. A bayan akori-kura aka kai shi asibiti a Kazaure. Ransa ya tsira, idanunsa biyu ba su tsira ba.

Baba Kura ya dawo, bai yi masa faɗa ba. Ya tarar da yumɓun a tarwatse, ya sake siffar kakin da hannunsa mai rawa. Da fuskar Haladu ta warke, sai ya jawo shi rumfa, ya ajiye buhun a gabansa, ya ce, "Zauna. Yanzu kunnenka ya fi nawa."

Bayan wata uku aka rataye ƙararrawar. Babu kwanson da ya shiga cikinta bai bi ta kunnen Haladu ba. Shekara da shekaru yana jin ta kowace safiya, bai taɓa ganinta ba.

Darasi: Abin da maigidanka yake maimaitawa har ya gundure ka, wataƙila da fatar jikinsa ya koye shi. Kada kyan hannunka ya sa ka tsallake shi. Ku tura wa duk mai koyon sana'a da kuka sani, tun idonsa biyu na gani.