Keken da Ya Ba da Shaida

Wata rana Alhaji Gambo yana tuƙa mota ya banke Tanimu mai wankin hula a kan kekensa, ya karya masa hannu, ya tsere. A kotu ya rantse bai taɓa bin hanyar ba.

Alƙali, wanda ya sha cin tuwon gidan Alhaji, ya ce wa Tanimu, "Tunda daga kai sai kekenka, keken ya ba da shaida. In bai yi magana ba, babu diyya."

Tanimu ya kara kunne a jikin keken. "Allah gafarta malam, ya ce ya riga ya rama, shi ya fasa fitilar motar."

Alhaji ya zabura. "Sabuwa ce dal! Wallahi sai ka biya ni!"

Tanimu ya ce, "A sallami keke, malam. Ga shaida nan mai baki."